Jar Tabarmar Gidan Likita

Akwai abin da ya same ni a wata damina, wanda ko na tsufa na fara rikita sunayen mutane, shi kam ba zan mance shi ba. Shekaru sun ɗan ja, amma har yanzu ina tuna ranar nan kamar jiya.

Ni dai ba mai karatu ba ne. Lakwal, wato makarantar boko, na bar ta tun ban iya haɗa zancen Faransanci mai tsawo ba, don zama wuri guda ciwon kai yake sa ni. Na yi tallan ruwa a Yamai, na yi dako a Kamba, na tahi Kwatano na sayar da takalma, kuma ko'ina na yi 'yan watanni sai in ji garin ya ishe ni. Da Inna ta gaji da ƙafar yawona sai ta matsa anka yi mini aure, wana kuma ya ba ni moto, wato babur, na fara kabu-kabu tsakanin ƙauyenmu, can wajen Ɗan Kassari, da Dogon Dutsi. Wannan sana'a ita ta ɗan riƙe ni, don kullum kana tahiya amma da marece kana gida. Ana haka Allah ya ba mu ɗa namiji.

Gidan likitan ƙauyenmu ƙarami ne. Ɗakuna 'yan kaɗan, da rumfar kwano a gaba, da wani babban iccen dogon yaro a tsakiyar hili inda mu 'yan kabu-kabu muke aje motocinmu muna jiran fasinja. Babban wurin shi ne Majo, dattijo ɗan ƙasarmu, wanda ya yi mini allura tun ina yawo ba wando. Sai wata yarinya ƙaramar likita da anka kawo daga baya, mai saurin tahiya da ƙarancin magana. Da rani wurin ba cinkoso. Amma in gero ya kai gwiwa, sauro ya yi yawa, masassara ta shigo gari, mata tun asuba suke cika rumfar nan da goyo a baya. Wadda ta riga zuwa ita ake fara gani. An taɓa rasa yaro a bayan uwarshi tana cikin layi tana jira, ba wanda ya sani sai da layi ya zo kanta.

A daminar nan anka turo wata mata daga Doso ta riƙa zagaya gidajen likita na ƙauyuka tana yi ma ma'aikata formasiyo, wato horo kan aiki. Kowa Madam yake ce mata. Mota ba ta iya shiga hanyarmu in an yi ruwa, don haka ni nake zuwa Dutsi in ɗauko ta, in ta gama in maida ta. Bahillata ce, ni kuma Ba'are, kun san wasan taubasai da ke tsakaninmu. Tun ranar farko da ta hau bayana ta ce, "Kai Ba'are, in ka kada ni cikin taɓo sai na sayar da kai na sayi ɗan maraƙi."

Na ce, "Madam, ko kin sayi maraƙin ina za ki kiwata shi? Ku da kunka bar daji kunka shige biro kuna aikin takarda."

Ta yi dariya har moto ya karkata. A hanya na tambaye ta abin da ta zo koya ma Majo. Na ce in dai allura ce ta makara.

Ta ce, "Allura ya hi ni iyawa nesa. Kallo na zo koya musu."

"Kallo? Mu nan ƙarƙashin dogon yaro kullum shi muke yi, ba wanda ya taɓa ba mu takarda."

Ashe da gaske take. Tana zuwa sai ta ja Majo da ƙaramar likita su tsaya ƙarƙashin iccen nan, kusa da mu, su yi ta kallon rumfa ba magana. Wata rana ta sa Majo ya bi wata mata tun daga shigowarta har hitarta, inda ta zauna ya zauna, inda ta jira ya jira. Ya dawo yana share zufa yana guna-guni, wai ƙarin ma'aikata sunka roƙa anka aiko musu mai kallo. Amma a ranar ya gane abin gwajin masassara a ɗakin baya ake aje shi, kuma kowane yaro sai ƙaramar likita ta zagaya ta ɗauko. Washegari sunka sa ɗan tebur bakin ƙofa sunka maido shi nan. Abu ƙarami, amma layi ya fara motsi.

Duk zuwan da ta yi sai su yi taro a tsaye, ba kujera, wai don kar a ja zance. Me ya yi kyau tun zuwan baya, me ya cije, wane ɗan abu guda za a gwada kahin ta dawo. Ba ta ba su amsa. Ko sun matsa mata sai ta ce su ke aikin, su sunka san inda yake ciwo. Doka guda gare ta: in abu ya ɓaci ba a cewa wa ya yi, sai dai a ce me ya sa. Mu 'yan kabu-kabu har wasa munka maida shi. In tayar wani ta yi faci sai mu taru kanshi muna cewa, "Me ya sa? Me ya sa?"

A irin wannan taro ne ƙaramar likita ta kawo zancen tabarmi. Anka sayo tabarmin roba a kasuwa, wasu tsanwa kamar ganyen wake, guda ɗaya kuma ja. Anka shimfiɗa jar daf da ƙofar Majo. Kowace sahiya Majo zai hito ya ɗaga murya: duk wadda ɗanta ya ƙi nono, ko yana amai ba tsayawa, ko ya yi jijjiga, ko jikinshi ya saki, ta tashi ta hau ja, ba layi gare ta ba. Sauran su zauna kan tsanwa a bi su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi abin ya yi aiki. Ni da kaina na kawo wata mata daga tunga da yaro yana jijjiga, tana sauka ta hau ja, kahin in juya moto har an yi mishi allura. Majo ya bar guna-guni, har in baƙo ya zo sai ya kai shi ya nuna mishi tabarmar. Ni ma da na koma gida na ba matata labari ina alfahari kamar ni na ƙirƙiro.

Sai in gaya ma wanda bai san mu ba wani abu. Mu nan ɗan fari ba a nuna shi. Uwa ba ta faɗin sunanshi, ba ta wasa da shi gaban mutane, in ya yi kuka gaban surukai sai ta kau da kai har wata ta ɗauka ta miƙa mata. Ni ma uban haka nan. "Yaron nan" muke ce mishi. Matata kuwa ko cikin masu kunya ta daban ce. In Inna na tsakar gida ba ta ba shi nono sai ta shiga ɗaki ta saki labule. Tsofaffi na yabonta a kan haka, ni ma ina jin daɗi in an yabe ta. Haka anka raine mu, kuma ba wanda ya taɓa ganin aibu a ciki.

Yaron ya fara ta-ta-ta, yana bin bango, sai masassara ta kama shi. Ranar da zan ɗauko Madam na tashi da sassahe, Inna na bakin murhu tana dama kunu. Na tsaya ƙofar ɗaki na ce, "Yaya ya kwana?"

Matata ta ce, "Da sauƙi."

Na ce ta kai shi gidan likita duk da haka, in kuma ta ga abin ya yi yawa ta hau ja. Ta ce to. Inna na da 'yan noma a gona da za ta kai ma abinci, don haka ita kaɗai za ta tahi. Na tada moto na kama hanya.

Da hantsi munka iso da Madam. Rumfa ta cika har waje. Ina tsayawa na kai ido kan jar tabarma, ban ga matata ba. Can ƙarshen tsanwa na hango ta, ta jingina da bango, ta ruhe yaron da zane a kan cinyarta. Kusa da ita Goggona ce, ƙanwar Baba, ta kawo wata jikarta mai ciwon kunne. Sai na ji hankalina ya kwanta. Tunda tana kan tsanwa ai da sauƙin ke nan. Tabarma ta gaya mini ɗana lahiya lau, ni kuma na yarda da ita. Na jingine moto na zauna cikin abokaina ana gasa masara.

Madam ta kira Majo da ƙaramar likita sunka tsaya inda sunka saba, kusa da mu har ina jin su. Majo ya fara nuna mata ja, yana ba ta labarin yaran da anka ceta.

Ta ce, "Ja ta yi kyau, Majo. Yau tsanwa za mu kalla."

Sunka juya suna kallo. Can ta ce, "Su wa ke hawa ja?"

"Masu yaran da ciwo ya yi ma tsanani mana."

"Ba yaran ba. Dubi iyayen."

Ni ma na ɗaga kai na duba. Wata tsohuwa da jika, da wasu mata manya waɗanda kowa ya san sun haihu da yawa.

Madam ta ce, "Tun da anka shimfiɗa ta, ka taɓa ganin mai goyon fari a kanta?"

Ƙaramar likita ba ta jira kowa ba. Ta nuhi tsanwa da saurin nan nata, tana tsallake manya, duk inda ta ga yarinya mai goyo sai ta duƙa ta ɗaga zane ta taɓa yaro. Ta farko ba komai. Ta gaba ba komai. Ina kallonta da masara a hannuna har ta kai bango. Ta ɗaga zanen matata.

"Majo!"

Ban taɓa jin yarinyar nan ta ɗaga murya ba sai ranar. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Kan yaron ya langaɓe, idanunshi sun juya sama, leɓunanshi sun bushe. Ta buɗe tahin hannunshi, fari fat kamar auduga. Goggo ta dafa ƙirji tana salati.

"Ke 'yar nan! Tun ɗazu nake tambayarki, kina ce mini da sauƙi!"

Matata ba ta ɗaga kai ba. Hawaye kawai ke ɗiga kan zanenta.

Majo ya sungume shi ya yi ciki. Ya gwada jini, ya yi mishi allura, ya hito ya riƙe kafaɗata. Ya ce masassarar ta cinye jinin yaron, sai an ƙara mishi, kuma nan ba su da shi, sai Dutsi. Ya kira ambilas, anka ce tana can wani ƙauye, kuma ruwan jiya ya cika ƙorama, ko ta taso ba za ta ƙetaro ba.

Ya ce, "Motonka na da mai?"

Na ce akwai.

Madam ta cire gyalenta ta ɗaure yaron a ƙirjin uwarshi, ta ɗora su bayana da hannunta. Ta dube ni, ba wasa a huskarta ko kaɗan. "Ba'are, ka yi sauri, amma ka kai su. Za mu kira Dutsi su san kuna tahe."

Hanyar nan na san ta kamar ɗakina, amma ranar sai ta yi mini tsawo. Gero ya ruhe gehe da gehe, rairayi ya jiƙe yana jan taya. Matata ta damƙe rigata ta baya, abin da ba ta taɓa yi ba. Jim kaɗan sai in ce, "Yana lumfashi?" Ta ce, "Yana yi." Da munka yi nisa cikin gonaki, ba kowa sai mu, sai na ji muryarta a kunnena.

"Tun asuba bai kama nono ba. Ya yi jijjiga a hanya da nake zuwa."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zahi. Na daka mata tsawa iska na kwashe maganar: "To me ya hana ki hau ja? Ban gaya miki ba?"

Sai ta ƙara damƙe rigata.

A ƙorama munka sauka. Ruwa ya kai mini gwiwa. Ta ratsa da ƙafa ta rungume yaron, ni kuma na tura moto ina roƙon Allah kar ruwa ya shiga inji. Da munka hau tudu na buga, ya ƙi. Na sake bugawa ya tashi. Ban ƙara tambayar ko yana lumfashi ba, don ina tsoron amsar.

A babban gidan likita na Dutsi mun tarar suna jiranmu. Sunka karɓe shi, sunka gwada jinina ya dace da nashi, sunka ɗiba. Na tsaya ta taga ina kallon jinina yana bin 'yar roba yana shiga ɗan hannun nan. Na tambayi likitan ko zai tashi. Ya ce sun yi abin da za su iya, saura a jira.

Jira kuwa shi ne abin da ban iya ba. Na zauna, na tashi, na zagaya, kuma duk zagayen da na yi hushi na ƙaruwa. Ina jin haushin Majo da tabarmarshi. Amma wadda na hi jin haushi ita ce matata. Ta zauna da yaro yana mutuwa a cinyarta, tabarma ga ta nan ana ganinta, ta kasa tashi. A raina har na gama yanke shawara: in yaron nan ya tahi, ita ma gidan ubanta za ta, ni kuma ƙauyen ya ga bayana. Ko kallonta ban yi ba har gari ya waye.

Washegari yaron na nan yadda yake. Yana lumfashi, amma bai buɗe ido ba, bai yi kuka ba. Wajen azahar sai ga Majo ya iso kan motonshi da Goggo a baya da ƙwaryar fura, Madam ma, da wani ɗan kabu-kabu ya maido ta Dutsi tun jiya, ta zo daga masaukinta. Sunka leƙa shi sunka hito, munka zauna a baranda. Matata na ciki.

Majo ne ya fara. "Kowace sahiya da bakina nake faɗa. Jiya ma na faɗa, tana zaune tana ji."

Na ce, "Tabarmarku ce ta ruɗe ni, Majo! Da ba ita, da na zo na buɗe shi da kaina."

Goggo ta ce, "Ku bar tabarma. Yarinya ce da taurin kai, ina gehenta ta rasa bakin gaya mini."

Madam ta bari sai da munka gaji. Sannan ta ce, "Yaron na ciki, kuma faɗanmu ba ya ƙara mishi jini. Gobe wata mai goyon fari za ta zo ta zauna kan tsanwa. Ita nake tunani." Ta juya wajen Goggo. "Goggo, don Allah in tambaye ki. Da ke ce, kina goyon fari, ƙanwar surukinki na zaune gehenki, matan gari sun cika rumfa. Za ki tashi ki ratsa su ki je ki zauna kan jar tabarma kowa na kallonki?"

Goggo ta juya ludayi cikin fura. Can ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ni? Nawa ɗan farin, kunu mai zahi ya zube mishi a ƙafa gaban uwar mijina. Ina tsaye ina kallo ban taɓa shi ba, sai da ta ɗauke shi."

Madam ta ce, "In da yarinyar nan ta tashi jiya fa, me za a ce?"

"Za a ce ba ta da kunya. Da an daɗe ana zancenta bakin rijiya." Ta aje ludayin. "Ni ma da na faɗa."

"To me ya sa ba ta raɗa miki ba, tunda kina kusa?"

"Ni ce fa Goggon mijinta. Ni ce ma ba za ta iya gaya ma ba."

Majo ya cire hularshi ya dafa kai. Ya ce 'yarshi ta fari yanzu har ta yi aure ta haihu, kuma har yau sunanta bai taɓa hitowa bakinshi ba. Ya ce, "Duk mun san abin nan. Amma ranar da munka zauna tsara tabarma sai munka baro shi gida."

Madam ta ce, "Har da ni. Ni Bahillata ce, kunyarmu ta hi taku. Na ga tabarmar na ce ta yi. Sai jiya da na daɗe ina kallo abin ya faɗo mini." Ta dube shi. "To Majo, me za a gwada?"

Ya ce zai tara matan gari ya yi musu magana, a bar kunya in ana zancen ciwo.

Ta ce, "Ka yi, yana da kyau. Amma kana ganin kahin ƙarshen daminar nan za su bari?"

Goggo ta ce, "Ko ƙarshen daminar jikanka."

Sai Majo ya ce to abin da ƙaramar likita ta yi jiya shi za a maida aiki. Ba za a ƙara cewa kowa ta tashi da kanta ba. Da sahe, da duk lokacin da sababbi sunka shigo, likita zai bi tabarma ya ɗaga kowane zane ya taɓa kowane yaro, kuma shi zai ce wance tashi ki koma ja.

Goggo ta gyaɗa kai. "Yauwa. In likita ne ya ce ta tashi, ai ba ita ta tashi ba. Ba mai cewa komai."

Na zo da hushina a shirye, ina neman wanda zan ɗora ma, sai na duba na rasa. Na tashi na shiga ɗakin. Matata na zaune ƙasa ta dafa ƙarhen gado, idanunta sun kumbura, furar da anka kawo mata ko taɓawa ba ta yi ba. Na zauna kusa da ita. Sannan ita da kanta ta ce, a hankali, ba ta dube ni ba:

"Na yunƙura zan tashi. Sai in ga Goggo, in ga su Inna wance, ƙafafuna su ƙi. Ina ta roƙon Allah wani ya zo ya buɗe zanen nan."

Na tura mata ƙwaryar na ce ta sha, in ya farka nono zai nema.

Bayan la'asar ne ya motsa ƙafa. Sannan ya yamutsa huska ya yi wani ɗan kuka siriri kamar na ɗan akuya. Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba. Ya fara juya kai yana lalube, likita ya zo ya duba ya ce a ba shi. Goggo ta shigo da gudu har tana tuntuɓe, ta tsaya kanshi tana share ido da bakin zane.

"Kai maigidana, ashe takaba ka so ka sa ni da tsufana? To ban shirya ba!"

Matata kuwa, da ta ga Goggo ta shigo, sai ta juya baya ta huskanci bango kahin ta ba shi nono. Kunyarta na nan inda take, ba abin da ya taɓa ta. Na kalle ta, wannan karon ban ji haushi ba.

Bayan 'yan kwanaki anka sallame mu. Da na koma ƙarƙashin dogon yaro na tarar ƙaramar likita na bin tabarma tana ɗaga zannuwa, kuma a makon nan ma ta ciro wasu 'yan fari daga tsanwa. Ba a nan abin ya tsaya ba. Daga baya sunka lura matan rugga da ke zuwa a amalanke ba su shigowa rumfa sam, bayan katanga suke zama inda anka ɗaure jakuna, sai zagayen ya koma har can. Madam ta gama zuwanta anka tura ta wani yanki. Ranar da na maida ta ta ƙarshe ta ce ta fasa sayar da ni, wai ba mai saye. Taron tsaye kuwa bai mutu ba, har yau suna yi, kuma har yau suna samun abin gyara.

Yaron ya girma, yana lakwal, kuma shi kam na ce sai ya gama. Uwarshi har yanzu ba ta faɗin sunanshi.

Abin da ranar nan ta koya mini ba a aji na same shi ba. In abu ya ɓaci, zuciya wanda za ta kama take fara nema, kuma kullum na kusa da kai take kamawa. Da na bi tawa, da na kori matar da ta hi ni son yaron nan, kuma da tabarma na nan yadda take tana jiran ɗan wata. Yanzu in na ga mutum ya kasa yin abin da kowa ke ganin mai sauƙi ne, ina danne bakina in tambayi abin da ya riƙe shi, don galibi akwai. In kuma nawa ya ce mini da sauƙi, ina amsawa da alhamdulillahi, sannan in matsa kusa in duba da idona.